Tela da Tarwaɗa Arba'in

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta yi daɗi mu gyara zama.

A bakin wani babban kogi, irin wanda in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka bambanta saniya da jaki a waccan, akwai wani garin masunta. Kogin yana da rassa kamar jijiyoyin ganye, kowane reshe da garuruwansa, kowane gari da bakunan da ke jiran kifi. In rani ya yi, ruwa ya ja baya, sai ya bar gurabu nan da can kifi ya taru a ciki. To, mutanen garin nan suna da ƙa'ida: ba a shiga gurbi sai shugaban masunta ya duba abin da ke cikinsa, ya faɗi yawan ragar da za ta shiga. In ya ce goma, goma ce, ko da kuwa uban wa ya zo na sha ɗaya. Alamar shugabancin wani tsohon filafilin tuƙa jirgi ne baƙi ƙirin, wanda hannaye suka cinye mariƙinsa.

Tsohon da ke riƙe da filafilin nan yana da suruki tela. Telan ya iya ɗinki, wannan ba a musu. Sai dai bakinsa ya fi kekensa gudu. Shagonsa na kallon inda jirage ke tsayawa, duk wanda ya wuce da kifi sai ya ji sharhi.

"Wannan ne kifi? Da ni na shiga, irin wannan shi zan maƙala a ƙugiya!"

Alhali ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba, shi ma ranar santsi ne ya kwashe shi.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa tsoho gani, aka ce sai ya haura birni an cire masa. Aka fara maganar wanda zai gaji filafili. Kowa ya san babban ɗansa ne, yayan matar Tela, wani mutum da ake kira Shiru don sai ya yini bai yi magana uku ba. Da Tela ya ji, sai ya ajiye wandon mutane a kan keke, ya tafi ya durƙusa gaban surukinsa.

"Baba, Allah ya ba da lafiya. Ni dai na ce kada a yi tuya a manta da albasa. Shugabanci ƙirga ne da awo. A garin nan kuwa wa ya kai ni awo?"

Tsoho ya juyo da fararen idanunsa, ya yi murmushi. "To, ɗana. Ka san gurbin bayan tsibiri? Kwana arba'in zan yi. Ka ƙirga mini abin da ke cikinsa, ka faɗi ragar da za ta shiga. Ranar arba'in da ɗaya zan sauka, ranar za a buɗe. In ƙirgarka ta fito daidai, filafili naka ne. In ba ta fito ba, na yayan matarka ne, kai kuma ka bar kunnenmu ya huta."

"An gama, Baba!"

"Tsaya mana. Wanda ka kama ka ƙirga, sai ka sa masa alama ka sake shi, don kada ka ƙirga shi sau biyu. Mu yadda muke yi, wuƙa muke sa wa a..."

"Haba, Baba! Alama? Ni za a koya wa alama? Shekara ashirin ina sa wa yadi alama, ban taɓa yanke aljihu a mazaunin hannu ba."

Tsoho ya ce, "To, madalla," ya shiga jirgi.

Washegari da sassafe Tela ya ari tarkon kwando, ya cika aljihu da dusa, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya soke allin ɗinki a bayan kunne. Matarsa ta leƙo daga madafa.

"Maigida, ina za ka kamar mai zuwa auna gawa?"

"Ke dai fara koyon zaman matar shugaba."

"Ni 'yar shugaba ce tun kana koyon zura zare a allura. Ka dai kula da santsi."

Ya kafa kwandon a gindin wata bishiya da ta faɗa ruwa, ya zuba dusa, ya koma gida. Da ya dawo da yamma, sai ga tarwaɗa a ciki, ƙatuwa, baƙa, da gashin baki kamar na tsohon ɗan sanda. Tela ya yi kabbara. Ya goge bayanta da tsumma, ya auna ta daga kai zuwa wutsiya, ya auna ƙugu, ya zaro alli ya zana mata gicciye fari tas a gadon baya, ya sake ta. Da ya koma shago ya ja layi ɗaya a bango.

Kashegari kuma ga tarwaɗa a kwando. Ya duba bayanta, ya juya ta, ya ƙara dubawa. Ba alli ko ɗigo.

"Sabuwa ce! Biyu ke nan."

Ya auna, ya zana, ya saki, ya ƙara dusa.

Haka aka yi ta yi. Kullum tarwaɗa a kwando, kullum bayanta wankakke, kullum layi a bango. Abin da ya fi faranta masa rai, kowace ta fi ta jiya ƙiba. Ranar goma sai da ya ƙara inci biyu a ƙugu. Ranar ashirin wadda ya samu ko zillo ba ta yi ba, ta kwanta lamo yana awo, har tana buɗe baki.

"Ke, maman yara," ya ce da matarsa, "kifin gurbin nan masu tarbiyya ne. Ƙanana suka fara zuwa gaisuwa, yanzu manya ke zuwa."

Matar ta ajiye tsintsiya. "Duka a kwando ɗaya?"

"Kwando ɗaya."

"Kullum guda ɗaya?"

"Layi suke bi."

"Maigida, wai da me kake sa musu alamar nan?"

"Sirrin sana'a ne. Na taɓa tambayarki gishiri nawa kike zubawa?"

Ba kifi kaɗai ba. A bakin gurbin, wajen da laka ta yi laushi, sai ya lura da sawun kofato ƙanana. Ya tsuguna ya auna da tef. "Barewa!" Ya karyo reshe ya share sawun tsaf don kada ya ƙirga su sau biyu. Kashegari ga sabon sawu. Ya share. Kashegari ga wani. Ya buɗe wa barewa nata layin a ɗaya bangon.

Can gefen tsibirin kuwa akwai wata tsohuwa mai wankau, kowa Gwaggo yake ce mata. Tana da jar akuya guda ɗaya tal, wadda take kira Auta, take kwana da ita ɗaki guda. Kullum da asuba akuyar kan sauka ta sha ruwa ta koma. Amma wannan Tela bai tambaya ba, ba wanda ya gaya masa.

Ranar talatin, ranar kasuwa, ya hau kan bencin mai aski ya yi lissafi a gaban jama'a.

"Ku saurara! Kwando ɗaya, gindin bishiya ɗaya, ya ba ni talatin. Zuwa ranar buɗewa arba'in ke nan. Bishiya nawa ce a bakin gurbin? Goma! Ɗari huɗu. Akwai wanda ya taɓa ganin babba ba iyali? Kowace ka ba ta miji da 'ya'ya takwas, ban da 'yan riƙo. Dubu huɗu ke nan, kuma na yi rangwame!"

Mai aski ya tsaya da aska a kan wani. "Tela, dubu huɗu a gurbin da nake jifa da dutse ya tsallake?"

"A jere suke kwana, kamar yadi a kanta."

Shiru yana gefe yana ɗaurin ƙugiya. Bai ɗago kai ba ya ce, "Raga shida. Ita ma da ƙyar. Bara an matsa masa."

"Ka ji ɗan baƙin ciki! Yaya, in kana tsoro ka zauna a gida ka riƙe mana yara. Ni na ce raga ɗari biyu. Maharba ma su zo, barewa arba'in na jiransu a cikin ciyawa. Kuma ku shaida: nauyin kifi sai ya yayyaga raga. Duk wanda tasa ta yage a gurbin nan, ni zan ɗinke masa kyauta!"

"Mun shaida!" in ji 'yan kasuwa.

Magana ta hau jirgi. A garin da ke ƙasa aka ce dubu huɗu. Ta shiga reshen gabas ta zama dubu arba'in. Kafin ta kai inda koguna biyu suka haɗu, cewa ake yi akwai gurbin da in ka soka sanda ba ta faɗuwa don kifi, barewa kuma sai ka ce mata gafara kafin ka samu wurin ɗiban ruwa. Ka san halin mutane a shekarar da kogi ya yi rowa. Kowa ragarsa ta bushe, kowa yana da bakin ciyarwa. Ba wanda ya tsaya tambayar wa ya gani.

Ranar arba'in da ɗaya, tun hantsi bai ɗaga ba kogi ya yi baƙi da jirage. Raga ɗari biyu aka ce, amma wa zai tsaya ƙirgawa? Ga masu taru, doguwar ragar nan da ake ja, ga masu ragar koma, ga masu fatsa, ga wani da ya zo da gidan sauron matarsa. Mata masu banda sun jibge itace sun hura wuta tun kifi bai fito ba. Dillalai sun jera kwanduna. Wata mota ta zo da ƙanƙara tana ɗiga. Maharba sun fi sittin, da bindigogi da karnuka, suna harare-harare don kowa yana ganin ɗan'uwansa ya zo cin rabonsa. Jirage suka cika gurbin har mutum zai taka daga wannan baki zuwa wancan ƙafarsa ba ta jiƙe ba.

Tela ya fito cikin sabuwar riga da ya ɗinka wa kansa, an yi mata aikin kifi a ƙirji, tef a wuya, alli a kunne. Ya hau kan wani kifaffen jirgi.

Matarsa ta ja gefen rigar. "Maigida, ka jira Baba ya iso."

"In jira kifi ya huce? Jama'a! Bisimilla!"

Raga ta tashi sama gaba ɗaya har rana ta dushe. Da ta sauko, rabinta ba ta taɓa ruwa ba, a kan mutane ta sauka.

"Na kama! Wallahi na kama babba!"

"Ni ka kama, ɗan nema! Sakar mini wuya!"

Masu taru na gabas suka ja, suka ji nauyi, suka fara waƙa. Masu taru na yamma su ma suka ji nauyi, suka fara tasu. Aka yi ta ja, waɗannan na cewa giwan ruwa ne, waɗancan na cewa ai ya fi giwa, sai da tarun biyu suka ce ƙiiii suka rabe, kowane ɓangare ya zube a laka ƙafa sama. Wani mai fatsa ya wurga ƙugiya ta kamo hular dillali. Wani ya nutsa ya rungumo abu mai santsi ya fito da shi yana ihu, ashe ƙafar surukinsa ce. Mai gidan sauro ya samu kwaɗo biyu da takalmi ɗaya, ya riƙe su kam don kada a ƙwace.

Ruwa ya koma kunun laka. 'Yan ƙananan kifin da ke ciki suka taso suna haki, aka yi musu ca, mutum goma a kan kifin da bai kai yatsa ba.

"Tela! Ina dubu huɗun?"

"Suna ƙasa! Kun cika surutu, kifin nan ba sa son hayaniya. Ku zurfafa!"

"Mun zurfafa har mun taɓo rijiyar garinku!"

Ana cikin haka sai aka ji daram daga cikin ciyawa. Maharba sun ga jan abu ya gifta. Karnuka sittin suka ɗauki haushi. Sai ga Auta, akuyar Gwaggo, ta faso ciyawa ido waje, ta duba gabas maharba, ta duba yamma maharba, sai ta yi tsalle ta faɗa jirgin farko. Daga shi ta faɗa na biyu. Karnuka suka biyo ta, jirgi bayan jirgi, maharba na biye da karnuka suna ihun "Tawa ce! Ni na fara gani!" Duk jirgin da akuya ta taka ya karkata, wanda karnuka suka taka ya sha ruwa, wanda maharba suka taka ya kife. Bayansu duka ga Gwaggo da taɓarya, zane ɗaure a ƙirji.

"Barewar uwarku! Wanda ya taɓa mini Auta sai na daka shi na tankaɗe!"

Ta samu wani maharbi mai gemu a gadon baya, ya saki bindiga ya ce, "Iya, tuba nake, cewa aka yi arba'in ne!"

"Arba'in ɗin gidanku! Ita ɗaya ce, ni na yi mata ungozoma!"

Akuya ta ƙare jirage, ba sauran wurin zuwa sai kifaffen jirgin da Tela ke tsaye. Ta sunkuyar da kai ta shige tsakanin ƙafafunsa. Tela ya tashi sama, riga ta buɗe kamar laima, ya sauka tsulum a gindin bishiyar nan da ta faɗa ruwa. Ya nutse, ya taso, ya laluba abin kamawa, hannunsa ya faɗa kan kwandonsa. Ya ji motsi a ciki.

Tarwaɗa ce. Duk wannan tashin duniya da ake yi, tana kwance a inda ta saba, tana jiran dusarta.

Tela ya rungumo ta ya fito, laka har gira, yana ihu. "Ga ta! Ga ta farko! Wa ya ce ƙarya nake? Saura dubu uku da ɗari tara da casa'in da tara!"

Daidai nan wani ƙaramin jirgi ya sulalo ya tsaya. Tsoho ne ya sauka, da sabon tabarau, ido garau. Ya dubi jirage a kife, ya dubi raga a yayyage, ya dubi mata masu banda da itacensu ya cinye ba su ɗora komai ba, ya dubi motar ƙanƙara da ta zama motar ruwa. 

"Kai," ya ce a hankali, "da na san abin da zan fara gani ke nan, da na ce likita ya bar mini yanata. Ɗana, sannu da aiki. Nawa ka ƙirga?"

"Arba'in, Baba, da hannuna. Sauran lissafi ne."

"Ka sa musu alama?"

"Kowace ɗaya!"

"Nuna mini yadda ka yi."

Nan fa Tela ya samu abin da yake so, wato taro. Ya shimfiɗa tarwaɗa a kan jirgi, ya goge bayanta da gefen riga, ya laluba kunne. Allin ya tafi da ruwa, amma tela ba ya rasa na ajiya, ya zaro wani daga cikin hula. Ya zana gicciye fari tas, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

Tsoho ya karɓe ta, ya tsoma a ruwa, ya ɗan girgiza, ya fito da ita ya miƙa masa. "Duba mini wannan."

Tela ya duba bayanta. Ya juya ta. Ba alli ko ɗigo. Fuskarsa ta washe.

"Sabuwa ce! Arba'in da ɗa..."

Bakinsa ya tsaya a buɗe. Tarwaɗa ma ta buɗe nata, tana jiran dusa.

Dariyar da aka yi ranar, an ce sai da tsuntsayen tsibiri suka tashi. Masu taru na gabas suka riƙe na yamma don kada su faɗi. Maharbin da ya sha taɓarya yana dariya yana sosa baya. Matar Tela ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Shiru kansa sai da aka ga haƙoransa, har wata ta ce ashe yana da wushirya.

"Kifi na ganinka, mai farin alli!" in ji mai aski.

Tsoho ya shafa cikin tarwaɗar. "Ƙwai ne fal. Da ma ita ce uwar gurbin, ga shi ka yi mata kiwon amarya." Ya sake ta a ruwa. Ya juya ga baƙi ya ce, "Ku yi haƙuri. Kogi ba ya ƙirga bakunanmu kafin ya haihu. Gurbin nan an tumurmushe shi, ba mai sake shigarsa sai bayan damina biyu." Sannan ya ɗauko baƙin filafilin ya miƙa wa Shiru. "Kai nawa ka ce?"

"Shida."

"Yau ko ɗaya."

Tela ya fara zamewa ta bayan motar ƙanƙara, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Shugaban masu tarun gabas ne, ƙato, da yagaggen taru a hannu.

"Maigida Tela, ina za ka? An ce duk wanda tasa ta yage."

"Ai cewa na yi in kifi ne ya yaga..."

"A gurbin nan ka ce!" in ji mai aski. "Mun shaida!"

"Mun shaida!" in ji kasuwa guda.

Kafin la'asar an tara raga a ƙofar shagonsa har ta rufe taga. Mai gidan sauro ma ya kawo nasa, ya ce matarsa ba ta san ya ɗauko ba. Gwaggo ta ɗaure Auta a jikin ƙafar keken, ta ce tunda shi ya mai da ita barewa, shi zai ciyar da ita har ta manta firgici.

Rani guda Tela ya yi yana ɗinkin raga, kuma gaskiya ɗinkin ya yi kyau, har masunta na cewa wurin da ya gyara ya fi sauran ƙarfi. Matarsa ta zo da ruwa da tsumma za ta goge layukan bango, ya ce ta bar su, tarihi ne. Duk wanda ya zo karɓar ragarsa kuwa, sai ya tsayar da shi ya nuna masa gurbin da allura.

"Ka ga ruwan can? Akwai tarwaɗa a ciki, ƙugunta inci ashirin da biyu. Duk faɗin kogin nan, daga sama har ƙasa, ka nuna mini masuncin da ya taɓa kama kifi ɗaya sau arba'in da ɗaya."

Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Ba don gizo ba da na yi ƙarya, wadda na yi kuwa da alli na rubuta ta, ku tsoma a ruwa ta wanke.